Giya ta Biyu

Shekara uku Baba yana cewa in kai shi Gembu, shekara uku ina cewa sai na gama aikin da ke hannuna. Duk mai rubuta manhaja ya san wannan alkawari ba ya cika, domin kana toshe wata ɓaraka wata na buɗewa. Sai da likitan ido ya ja ni gefe ya ce ɗan ganin da ya rage wa tsohon ba zai daɗe ba, sannan na rufe kwamfuta na nemi hutun mako guda.

Baba ya yi shekara goma sha huɗu yana jan babbar mota tsakanin Jalingo da tsaunin Mambila. Ni kuwa ban taɓa hawa ba. Na sauke taswira a waya, na lissafa mai, na lissafa awoyi. Da na karanta masa lissafin sai ya yi murmushi ya ce, "Ita wayar ta taɓa zuwa ne?"

Mun bar Jalingo bayan sallar asuba. Muka wuce Garba Chede, muka wuce Bali, ga zafi ga ramuka. Wajen Serti duwatsun Gashaka-Gumti suka fara bayyana, shuɗi-shuɗi daga nesa. A cikin wannan gandun dajin ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Baba ya ce in faɗa masa abin da nake gani.

"Duwatsu ne, Baba."

"Waɗanne iri? Masu suma ko masu sanƙo?"

Na yi shiru. Ashe na iya bayyana wa kwamfuta komai dalla-dalla, amma ban iya bayyana wa mahaifina dutse ba.

A Mayo Selbe, gindin tsaunin, ya sa na tsaya. Muka bar inji ya huce, na duba ruwan lagireto da man birki, muka yi azahar. Raina ya so ya ɓaci, don lissafina ya riga ya rushe da awa biyu.

Ba mu yi nisa da fara hawa ba hazo ya sauko. Sabis ya ɗauke, ɗigon da ke nuna inda muke a taswira ya tsaya cak. Gefe ɗaya bangon dutse, ɗaya gefen rami ne da ban ga ƙarshensa ba. Ko tsawon mota uku ba na hangowa. Tafin hannuna ya jiƙe da gumi, na fara sauya giya barkatai.

Baba ya sauke gilashi ya karkata kunne waje. "Koma ta biyu, ka bar ta a nan. Kafin kowace kwana ka yi ham, sannan ka saurara."

Haka muka riƙa tafiya. A wata kwana na yi ham, ban ji komai ba, zan shiga ke nan ya dafa gwiwata.

"Raɓe ka tsaya. Mai saukowa da kaya ba ya iya tsayawa dominka."

Na raɓe. Can sai ga wata babbar mota maƙare da shanu ta ɓullo daga cikin hazon, ta cinye kwanar gaba ɗaya, har inda da ni ne a wurin. Ta wuce ta bar mana ƙaurin birki. Baba ya shaƙa ya girgiza kai. "Yaro ne. Da ƙafa yake saukowa, ba da giya ba."

Ban iya cewa komai ba. Mutumin da nake riƙe wa hannu idan zai tsallaka kwata a ƙofar gida, shi ne ya ga motar da ban gani ba.

Kafin Maisamari hazon ya yaye. Sanyi ya shigo motar tare da ƙamshin itatuwan turare, sai Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, mun hau." Tudun yana kusan mita 1,600 sama da teku, amma ba wannan na faɗa masa ba. Na tsayar da mota na ce tuddai ne kore shar, masu sanƙo, sun kwanta bayan juna kamar raƙuma a zango. Na ce ga jajayen shanu a warwatse, ga hayaƙi yana tashi daga wata ruga a kwari, ga inuwar gajimare tana tafiya a kan ciyawa.

"Yawwa," ya ce. "Ci gaba."

Haka na yi ta ba shi labari har Nguroje, inda muka sha shayi, har Gembu da magariba. Wani lokaci ya gyara mini, ya ce bayan wancan tudun akwai rafi. Idan muka isa, sai in tarar yana nan.

Kwana huɗu muka yi. Ranar dawowa, da muka iso bakin gangara, na jefa wayar cikin aljihu na sauke gilashi. Baba ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji ƙarar injin ya fasa. Tuni na sa ta a ta biyu.