Motar da Ta Fara Tari Bayan an Gyara Ta

Yawancinmu da muke riƙe da tsohuwar mota mun koyi yi mata ƙananan gyare-gyare da kanmu, domin kuɗin makaniki ba kullum yake samuwa ba. Juyen baƙin mai, wanke matatar iska, canza fulogi, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suke kira buji, duk waɗannan mutum yana iya yi a ƙofar gidansa ran Asabar. Amma wani lokaci sai ka gama aikin, ka wanke hannu, ka tayar da inji, ka ji yana rawa yana tari kamar tsohon da sanyi ya kama. Makanikai suna cewa mota tana "misin", wato ɗaya daga cikin silinda ba ta ƙona man da aka ba ta.

Ni dai ra'ayina a kan wannan guda ne. Motar da take lafiya da safe, ta lalace bayan an taɓa ta da rana, to, ciwon yana wurin da hannu ya taɓa.

Haka ya faru da wani maƙwabcina, malamin makaranta, mai Fijo 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ya sa sababbin fulogi huɗu ana gobe zai kai mahaifiyarsa asibiti, tafiyar sa'a uku. Da ya tayar, injin ya yi ta kakkarwa, salansa tana harbi kamar bindiga. Wani yaron gareji da ya leƙo ya ce ai kabureta ce, a kwance ta. In ba ta yi ba, sai a buɗe inji. Kuɗin da za a kashe a nan kuwa shi ne kuɗin maganin tsohuwar.

Na tambaye shi, "Malam, da ka zo canza fulogin, ɗaya-ɗaya ka cire wayoyin, ko gaba ɗaya?" Ya ce, "Gaba ɗaya, don in sami wurin sa sifana."

Silinda huɗun ba sa kama wuta bi da bi yadda suke jere. A 504 tsarin shi ne 1, 3, 4, 2, kuma Faransawa suna fara ƙirga ta ɗaya daga baya, wajen kuloci, ba daga wajen lagireto ba. Idan aka musanya wayar ta biyu da ta uku, tartsatsi zai isa waɗannan biyun a lokacin da ba su matse mai ba. Injin zai tashi da silinda biyu kawai, man sauran kuwa ya fita ɗanye ya fashe a salansa. Muka bi wayoyin daga kan distibuto, ta wajen da rota take juyawa, muka tarar biyu sun sauya wuri. Cikin minti biyar injin ya daidaita.

Ba kullum ne abin yake da sauƙi haka ba. In wayoyi suna daidai, sai a nemi silindar da ta mutu. A bar inji yana silo, a zare waya ɗaya da filaya mai roba a hannu, a saurara, a mayar. Wadda aka zare sautin bai canza ba, ita ce. Kada a kama da hannu tsirara, gama wutar ta kai dubban bolt. Daga nan a ɗauki fuloginta a musanya da na maƙwabciyarta. Idan ciwon ya bi fulogin, to, shi ne mai laifi, ko da jiya aka saye shi: farin tangaran ɗinsa yakan tsage in ya faɗi ƙasa ko sifana ta karkace, bakinsa kuma yakan rufe. Jabu ma sun cika kasuwa. Fulogin da ya fito a jiƙe yana warin fetur, mai yana zuwa, wuta ce babu. A duba kuma ko an bar wani ƙaramin tiyon iska a cire, ko ruwan wanki ya shiga cikin murfin distibuto.

Motocin yanzu ba su da distibuto, yawanci kowane fulogi da nasa kwayil. Ba a zare musu waya suna aiki. Na'urar gwaji ake sawa, ta nuna lamba: P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu. Sau da yawa soket ɗin kwayil ne bai shiga sosai ba. Idan fitilar inji tana ƙiftawa, a ajiye motar, domin ɗanyen mai yana ƙona matatar hayaƙi da ke cikin salansa, ita kuwa tsadarta ta ninka ta fulogi sau da yawa.

Ni nawa fulogin ɗaya nake cirewa, in ɗaura sabo, in mayar da wayarsa har in ji ta zauna, kafin in taɓa na gaba.