Randar da ba ta gumi

Zoɓo ne ya fara haɗa ni hira da tsohon da nake haya a gidansa a Tibilisi, babban birnin Jojiya. Cikin watan Yuli na dafa shi da citta da kanumfari, na zuba sukari son raina, na ɗura a gorar roba na ajiye a baranda saboda firji ya cika. Shi ke nan na manta. Ranar kwana na huɗu da la'asar sai muka ji ƙara kamar taya ta fashe. Murfi ya yi sama, bango ya rine ja. Tsohon ya leƙo daga nasa ɓangaren, ya shinshina iska, ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Shvilo," wato ɗana, "ashe kai ma ka shiga sana'armu."

Na ce, "Batono," wato yallaɓai, "ni ko ɗanɗanawa ba na yi."

Ya ce ai yis ba ya tambayar addinin mai gora. Da ya samu sukari da ɗumi, ya kama aiki ke nan.

Daga nan ya ja ni ya nuna mini tasa damuwar. A lungun barandarsa akwai jarkoki uku masu cin lita 20, an lulluɓe su da tsohon bargo. Giyar inabi ce da ƙaninsa ya aiko daga ƙauyensu a yankin Kaheti, gabashin ƙasar, inda ake noman mafi yawan inabin Jojiya. A nan kusan duk gidan da ke da kurangar inabi yana haɗa tasa giyar, kamar yadda a wajenmu ba a rasa mai dama kunu. A bakin hanya ma za ka ga ana sayar da ita a tsofaffin gororin lemo. Sai dai baranda ba mazaunin giya ba ce. Da rani zafin Tibilisi yakan haura digiri 35, da hunturu kuma ya sauka kusa da sifili, alhali abin da masu wannan harka ke nema shi ne digiri 12 zuwa 14, dare da rana, shekara cur.

Tsohon ya ce mini ɗumi kaɗan ba ya kashe ta, tsufa kawai yake sa ta da wuri. Abin da ke kashe ta hawa da sauka ne. Rana ta yi, abin da ke cikin jarka ya kumbura ya turo iska waje. Dare ya yi, ya tsuke ya zuƙo sabuwa ta gefen murfi. Iskar nan kuwa ita wasu ƙwayoyin halitta ke jira su mayar da giya ruwan tsami. Shi ya sa da jarka ta yi rabi yake juye ragowar a ƙananan kwalabe, ya cika kowace har wuya. Ya ce duk wanda zai fara, abu uku ne ke gabansa: ya wanke mazubi kamar za a yi wa jariri wanka a ciki, ya bar wa iskar tsimuwa hanyar fita ba tare da ta waje ta shiga ba, sannan ya nemi wuri mafi sanyi da duhu a gidan, ko da ƙasan gado ne. Na biyun ne ya faɗo a kan zoɓona.

Da kaka ta yi, lokacin tsinkar inabi da suke kira rtveli, ya tafi da ni ƙauyen. A can na ga abin da jarkokin baranda ke kwaikwayo ba su iya ba. Ɗaki ne mai kaurin bango, marani suke ce masa. Ka shiga ba za ka ga tukunya ko ɗaya ba, sai bakuna zagaye a daɓen ƙasa kamar bakin rijiya. Kowane baki wuyan wata ƙatuwar randa ce da aka binne, mai siffar ƙwai, gindinta a tsuke. Sunanta kwebri. Akwai ƙanana, akwai masu cin lita dubu da ɗoriya, waɗanda sai mutum ya sa tsani ya shiga ciki kafin ya wanke su da burushin ɓawon itace. Ana matse inabin, a zuba ruwan har da ɓawo da ƙwallo, a riƙa danna abin da ya taso da sanda har kumfa ta kwanta, sannan a rufe da faifan dutse a liƙe da yumɓu, sai bayan wata biyar ko shida a buɗe. Hukumar UNESCO ta sa wannan hanya cikin jerin al'adun gadon duniya a 2013, kuma a 2017 masu binciken kufai suka sanar da cewa sun samu alamar giyar inabi a jikin tukwanen da suka kai shekara kusan 8,000 a kudancin Tibilisi.

Ni dai tunda na ga yumɓu zuciyata ta koma tsakar gidanmu, ga randa a gindin bishiya an kafa ta cikin yashi, moɗa a kan murfi. Amma da na sa hannu cikin wata kwebri da ba kowa a ciki sai na ji santsi. Ashe tun tana da zafin gashi ake shafe cikinta da kakin zuma don kada ta tsatsa. Tamu randar kuwa tsatsar ce amfaninta: ruwa ya fito ta jikinta, iska ta busar, sanyi ya shiga. A kan wannan ne Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta samo masa lambar Rolex a 2000. Kwebri ba ta sanyaya komai. Aron yanayin ƙasa take yi, don in ka yi zurfi cikin ƙasa zafinta yakan tsaya kusa da matsakaicin zafin shekara na wurin. A Tibilisi wannan kusan digiri 13 ne. A Kano kusan ninki biyu ne. Ko da maginin tukwane ya gina kwebri a Kano ya binne ta har wuya, ɗumi zai samu a ƙasa.

A nan na gane dalilin da ya sa masu dafa burukutu a Filato da kudancin Kaduna da ƙauyukan Maguzawa, da masu pito a arewacin Gana, ba su da ɗakin ajiya, ba su ma neme shi ba. Na taɓa ɗauka rashin dabara ne, kuma na yi kuskure. Matar da ke wannan sana'a daga ranar kasuwa take ƙirgowa baya: yaushe za ta jiƙa dawa, kwana nawa tsiro zai yi, yaushe za a niƙa, a dafa, a bari ya yi tsami, a sake dafawa, a zuba ɗan ragowar na baya ya tayar da shi. Ana shansa yana kumfa a ƙwarya, kwana ɗaya ko biyu ya wuce sha. Bammi ya fi haka gajen haƙuri, na safe daban na yamma daban. Mutumin Kaheti yana alfahari da shekarar da aka tsinki inabinsa. Mai burukutu abin da za ta rantse maka a kai shi ne na yau ne.

Mu da ba mu sha ma wannan agogon muke bi. Mai kunun zaki ta san in ba ƙanƙara, na safe ba ya kai gobe. Malamai kuma sun daɗe suna karantar da cewa tsimin dabino ko zabibi da ake jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya wuce kwana uku, abin da ya rage sai a bayar ko a zubar. Da na tuna wannan sai na ƙirga kwanakin zoɓona, na ga a na huɗu ya fashe.

Tsohon bai tsira da jarkokinsa duka ba. Tun cikin Agusta, kafin mu je ƙauyen, ya buɗe ta ukun, ya kai hanci, ya yamutsa fuska ya daɗe bai ce komai ba. Washegari na tarar da kwalba a bakin ƙofata da 'yar takarda a jiki, ya rubuta cewa wannan kam ta bar addininsa ta koma nawa. Ruwan tsami ne tsantsa, mai yanka harshe. Na kira wani malaminmu a gida na yi masa bayani, ya tambaye ni ko da kanta ta juye ko wani abu aka zuba mata. Na ce baranda ce ta juyar da ita. Ya ce to, in sa a kwaɗon kabeji.