Wanda Aka Kai Kasuwa

Auren jari tsohon ciniki ne, sai dai a galibin labaran da na taso ina karantawa, 'ya mace ce hajar da iyaye ke kaiwa kasuwa. Abin da ya fara jan hankalina ke nan a littafin Lies and Weddings na Kevin Kwan, marubucin da aka haifa a Singafo ya girma a Amurka: a nan ɗa namiji aka ɗora a faifai.

Littafin ya fito a 2024. Jaruminsa, Rufus Gresham, magajin wani gidan sarauta ne a Ingila, gidan da sunansa ya fi aljihunsa nauyi. Bashi ya yi wa iyalin katutu, amma ba su fasa shagali ba. A bikin 'yar'uwarsa a tsibirin Hawayi, dutse mai aman wuta ya tarwatsa taron, asirin gidan ya soma tonuwa. Mahaifiyarsa Arabella ta ga mafita ɗaya tak: Rufus ya auri mai dukiya. Shi kuwa zuciyarsa na wajen Eden Tong, likita, maƙwabciyarsu tun ƙuruciya.

Barkwancin Kwan yana cikin lissafi. Yakan jero sunayen tufafi da abinci da masaukai har mai karatu ya gane cewa mutanen nan farashi suke sawa a jiki, ba sutura ba. Na yi dariya sosai, amma dariya ce irin ta wanda ya hango kansa a madubi. Ni da tsararrakina da muka gama jami'a mun san yadda tambayar "me yake da shi?" ke riga "wane ne shi?" isa kunnen iyaye.

Inda nake da ja da littafin shi ne ƙarshensa. Kwan ya gina labarin a kan Doctor Thorne na Anthony Trollope, wanda ya fito a 1858. A can, Frank Gresham ya nace wa Mary, marar ko sisi, sai ga gado mai yawa ya faɗo mata, kowa ya huta. Kwan ya bi wannan sawu. Ke nan an yi wa kwaɗayi ba'a shafi bayan shafi, daga bisani aka cika masa ciki. Arabella ba ta sha kaye ba. Abin da ta nema ya shigo gidanta ta wata ƙofa.

Shekara 166 ke tsakanin littattafan biyu, amma babu wanda ya bar masoya su ɗanɗana zaman babu. Jarrabawar da mafi yawanmu za mu fuskanta ke nan, domin ba kowa ke da gadon da ke jiransa a babin ƙarshe ba.