Wa Zai Biya wa Yaro Karatunsa? Waiwaye Daga Boɗinga Zuwa Shagari

Mai bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega zai ratsa Boɗinga tun bai yi nisa ba, in ya ƙara gaba ya iske Shagari. Matafiyi na iya wuce su bai ga komai ba sai tasha da masu talla, alhali ƙasa ce da ta daɗe da sanin allo da tawada. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa, ƙanensa Abdullahi kuma yana nan Boɗinga kusa da shi. Shehu bai ɗauki karatu a matsayin abin zaure kawai ba. A cikin Nurul Albab ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke tara almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u ta ɗauki maganar da gaske, ta kafa 'Yan Taru, inda jajis, wato jagororin mata, ke zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin waƙoƙi, su koma ƙauyuka su koya wa mata.

Abin da wannan ya bari a gidajenmu shi ne tsofaffin mata da suka san abin da yaro ke karantawa. Yaron makarantar allo yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, malam na rubuta masa da alƙalamin kara. Bayan magariba yara su kawo karan dawa a hura wuta, a zagaye ta, kowa na rera nasa. Amma karatun bai ƙarewa a nan. In yaro ya shigo gida ya jingine allonsa, kafin ya sa hannu a tuwo sai ka ji murya daga bakin murhu: "Taho nan, ɗana. Mi malam yab biya maka yau?" Yaro ya fara, ya kai tsakiyar sura ya cije, ita kuwa inna ko kaka, tana tuƙi ko tana kaɗi, sai ta ɗora masa kalmar da ta ɓace. Da yawansu ba su iya riƙe alƙalami ba. Surorin na kansu ne, don da su suke salla. Uba ya ba da kuɗin Laraba, in yaro ya kai wata sura da ake yi wa sadaka a yi gumba ko waina a raba. Gida duka ya san inda yaro ya tsaya, ya san ranar da aka wanke masa allo aka yi gaba.

Boko bai zo da wannan gata ba. Ya zo da haruffan da ba wanda ya sani a gida, ya kuma zo ta hannun hakimai da aka ce su kawo yara, shi ya sa wasu iyaye suka riƙa ɓoye nasu a rumbu ko su tura su wurin dangi. An haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, ya fara da allo a gida kamar kowa, amma da lokacin elementare ya yi a 1931 sai da aka kai shi Yabo. Yaro ɗan shekara shida, mahaifinsa ya rasu, ga shi a wani gari yana koyon abin da mahaifiyarsa ba za ta iya saurara ta gyara masa ba. Daga Yabo ya tafi Midil ta Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna, ya fito malami.

Elementaren wancan zamani na da nata laifi, bulala ta yi yawa, 'yan mata kuma sai ka ƙirga su da yatsu. Sai dai ta kama abu guda daidai: da Hausa ake koyar da yaro karatu da rubutu da lissafi, ajin kuma bai fi ƙarfin malami ba. Shagari kansa, da ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hedimasta a Argungu, ya kuma yi aikin malami mai zagaya makarantun lardi, ya san wannan. A 1948 ya tsara Waƙar Najeriya, ya zuba labarin ƙasa a cikin baitoci, garuruwa da koguna da al'ummomi. Ana yawan ambatonta a matsayin aikin adabi. Ni ina ganinta dabarar malamin aji ce, irin ta jajis ɗin Nana Asma'u. Darasin da ke kan allon bango yana nan a makaranta bayan an tashi, wanda aka rera kuwa yana bin yaro har bakin rijiya, ƙannensa su ɗauka, uwarsa ta ji har ta san inda ya yi tsallake.

Shekarun 1950 suka kawo Yaƙi da Jahilci. Magidanta suka zauna ajin dare da fitilar ƙwai, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha. A makarantu kuma aka daɗe ana tashi da Ka Koyi Karatu, a wuce Ka Ƙara Karatu, a kai Ka Yi Ta Karatu, kafin a shiga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. A lokacin ne karatun boko ya sami aikin yi a cikin gida, kuma wannan ya fi kowace nasiha tasiri. Wasiƙa ta zo daga ɗan ci-rani a Ikko ko Kumasi, sai a aika a kira ɗan aji huɗu. Ya zauna a tabarma, manya sun kewaye shi, yana haɗa baƙi da baƙi, gumi na keto masa, in ya yi tuntuɓe wani dattijo ya ce, "Sake dai, yaro, ba haka Mamman ka magana ba." Ya gama a ba shi kwabo, a kuma zaunar da shi ya rubuta amsa. Shi ke duba takardar haraji, shi ke karanta wa majalisar ƙofar gida Gaskiya Ta Fi Kwabo in ta iso, ko da ta kwana goma a hanya. Yaron da ya san za a kira shi gaban manya ba ya wasa da darasin karatu, uban da aka karanta masa wasiƙa kuma ba ya ƙyashin sayen fensir.

Sai UPE, shirin ilimin firamare ga kowane yaro. A Sakkwato Janar Yakubu Gowon ya yi shelarta a farkon 1974, Shagari na kwamishinan kuɗi na tarayya, aka kuma buɗe ta a Satumban 1976 ƙarƙashin Obasanjo, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kimanin miliyan 3. Mu da muka shiga makaranta a wannan guguwa mun san yadda lissafin ya kasance a ƙasa: aji a gindin bedi, allon katako jingine da kututture, malami saurayi wanda shi ma bai daɗe da barin firamare ba, an yi masa horon gaggawa an turo shi. Alheri ne babba, don ƙauyukan da ba su taɓa ganin makaranta ba sun samu. Amma malami ɗaya ba zai iya sauraron karatun kowane yaro ba in aji ya cika ya tumbatsa, sai aka koma amshi. Malam ya faɗa, aji ya amsa da ƙarfi, na baya na motsa baki kawai.

Duk da haka akwai malaman da suka san yadda za su jawo gida cikin aikin, kuma su ne ba a mantawa. Wani zai ce gobe kowa ya zo da tsinkayen kara ɗari, a ɗaure goma-goma da zare. Wannan aikin gida ne da uwa za ta iya sa hannu, har ta fi malam iyawa, domin matar da ke dama fura ko soya ƙuli-ƙuli tana aika 'yarta talla ta san lissafi a ka fiye da yadda ake zato. Ba a daɗe da sauya kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo ba, a 1973, kuma mata sun riga 'yan makaranta gane canjin. Yarinya ta dawo da faranti, uwa ta ce, "Ƙuli talatin na ba ki, shidda sun rage, nawa za ki ba ni?" Ba a kiran wannan darasi, amma shi ne. Wani malamin kuma zai ce kowa ya karɓo tatsuniya ko kacici-kacici wurin kakarsa ya kawo ranar Juma'a. Kaka ta ji an ce malam na son tatsuniyarta, daga ranar ta fara tambayar abin da ake yi a makarantar.

Inda igiyar ta tsinke, a ganina, wurin harshe ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. A aikace sai Turanci ya riƙa gangarowa har aji ɗaya, ana ganin shi ne wayewa, har a wasu makarantu monita na rubuta sunan wanda ya yi Hausa. Yaro na haddace kalmomin da bai san ma'anarsu ba, ya zo gida ba mai iya ce masa ya yi daidai ko ya yi kuskure. (Ɗan Fulanin ruga kuwa nasa ya ninka, don Hausar ma sai ya koya.) Aka shiga shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa makalewa wata da watanni, ƙwararru suka bar aji suka kama wata sana'a. Uban da ya ga ɗansa ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, ba sai an ce masa ya mai da ƙanen gona da damina ba.

A Sakkwato aka sake ƙaddamar da wani shirin, UBE, ranar 30 ga Satumba 1999, dokarsa ta fito a 2004. An gina azuzuwa, an yi fenti, an kafa alluna masu sunan 'yan kwangila. Abin da ke faruwa a cikin ajin bai fito fili ba sai a 2011, da aka zaunar da 'yan aji uku a jihohin Sakkwato da Bauchi ɗaya bayan ɗaya, aka miƙa musu gajeren labari da Hausa. Akasarinsu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Ba Turanci ba, Hausar da suke magana da ita tun suna goye. Duk tsohuwar da ke sauraron allo da ta gano wannan a dare ɗaya, amma makaranta ta shekara uku ba ta lura ba, domin ba wanda ya taɓa cewa yaron ya karanta shi kaɗai.

Abubuwan da suka biyo baya sun taɓa yankin. Boɗinga na cikin ƙananan hukumomi shida na jihar da shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF ya yi aiki, kuma daga 2014 aka riƙa ba iyaye naira 5,000 kan kowace yarinya duk wata uku, don a rage dogaro da tallarta. Aka farfaɗo da kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata masu bin gida-gida. A ƙarshen 2015 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Sannan wani shiri da Amurka ta tallafa ya kawo littattafan Mu Karanta! na aji ɗaya zuwa uku a wasu ƙananan hukumomin jihar, inda ake farawa da sautin harafi, a haɗa gaɓa, a kai ga kalma da labari. Dattawan da suka duba littafin sun yi murmushi, don babbaƙu da farfaru ne suka dawo da sabuwar riga. Manufar ita ce kowane yaro ya riƙe nasa ya je da shi gida, ya karanta wa wani. Inda hedimasta ya saki littattafan, an ga yayye na biya wa ƙanne. Inda ya kulle su a kabad don kada su yage kafin masu duba makaranta su zo, sun tsira da tsabtarsu, yaran kuma suka ci gaba da amshi.

Shirin masu tallafi yana da ranar ƙarewa, littafin yaro ɗan shekara bakwai kuma ba ya wuce shekara biyu a hannu, don haka maganar ta koma kan ko jiha za ta riƙa sake bugawa da kuɗinta. Amma akwai wani canji da ba shiri ne ya kawo shi ba. Yawancin matan da ke goyo yau a Boɗinga da Danchadi da Shagari da Dandin Mahe ba irin iyayenmu ba ne. Da dama sun yi Islamiyya, wasu sun taɓa firamare, suna karanta littattafan Hausa, suna rubuta saƙo a waya. Gidajen da ake da uwa mai iya duba rubutun boko ta ce wa yaro "ba haka ba ne, sake" sun fi na kowane zamani yawa. Saura abin da yaron zai buɗe mata. Sau da yawa jakarsa ba komai sai littafin rubutu guda da ya kwafe jimlolin Turanci daga allo, rabinsu ba daidai ba, malam ya ja jan biro a ƙasa bai karanta ba.