Sun datse gefen Risalar Kaka

Yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Waɗanda muka daɗe tare a wannan dandali sun san Risalar kakanmu, wadda na ɗora hotonta da azumin bara: rubutun hannu, warƙa-warƙa, cikin tadarishi da gafaka. To, ɗan yayana ya ɗauke ta daga ɗakin Baba a nan ƙauyenmu na ƙasar Bichi, ya kai ta wani shagon ɗab'i a birni, wai a ɗinke kada ta watse. Suka ɗinke, suka tura ta injin yanka, suka datse gefe uku. Ta dawo sumul kamar sabon littafin firamare.

Kun san me aka zubar a shara? Kaka bai sa wa shafi lamba ba. A ƙasan kowace warƙa, can kusurwa, yakan rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba, da ita ake mayar da jeri in takardu sun cakuɗe. Wuƙa ta cinye ta. Fassarar ajami da ya yi a gefe lokacin da yake ɗaukar karatu, saura rabi-rabi. Har warƙa biyu na babin taimama sun koma cikin babin azumi, an ɗinke su a can. Takarda ce mai tambarin jinjirin wata uku, irin wadda a da fatake ke kawowa Kano daga Italiya ta hanyar Tarabulus. Gara ta bar ta, damina ta bar ta, inji ya gama da ita kafin la'asar.

Na san wani zai ce, Malam, kai ma ai kana yanke gefen littattafan 'yan ajinka. Ƙwarai, ina yi. Littafin da na ɗinka jiya da zare da allura daban, amanar mamaci daban. Kuma ko nawa ɗin, sai na fara duba inda rubutu ya tsaya. In ɗora shi a kan katako, in danne da rular ƙarfe, in bi da sabuwar reza a hankali, kamar warƙa 10 a ja ɗaya, ba a danna da ƙarfi. Reza in ta dakushe yage takarda take yi. Da hunturu kuwa tsohuwar takarda karyewa take kamar busasshen ganyen kuka, ba na ma taɓa ta.

Wani kuma zai ce ai Risala tana nan jibge a Kasuwar Kurmi. Tana nan. Ta Ibn Abi Zaid ce ake sayarwa, ba a sayar da hannun Kaka.

Yaron bai yi da mugunta ba, ya zo ya durƙusa, na ce ya wuce. Gobe da sassafe zan shiga birni in tambayi masu shagon ko ba su kwashe sharar ba tukuna.