Kujerar aro da gidan Tony Dungy

Aikin horar da ƴan wasa kujerar aro ce. A Janairun 2002 ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Tampa Bay ta sallami Tony Dungy, bayan shekara 6 yana jan ragamarta. A Disambar 2005 kuma ɗansa mai shekara 18 ya rasu. Irin wannan nauyi ya sha raba aure. Amma shi da mai ɗakinsa Lauren, Kiristoci masu riƙo da addu'a, ba su auna darajar gidansu da sakamakon wasa ba, kowa ya tallafi ɗan'uwansa. A 2007 ya ci kofin Super Bowl da ƙungiyar Indianapolis. Auren kuwa tun kafin kofin ya tsira.