Doguwar Kalma Ba Dodo Ba Ce

Mu da muka tashi a zango, koyon harshen wasu ba baƙon abu ba ne a gare mu. Da shi muke ciniki, da shi muke zaman lafiya da maƙwabta. To amma 'yan uwanmu da karatu ko neman abinci ya kai ƙasar Norwe, kukansu ɗaya ne: kalmomin mutanen nan sun cika tsawo.

Dalili kuwa, ɗinke kalmomi suke yi wuri guda. Mu mukan ce gidan waya, kalma biyu a rabe. Su kuwa asibiti sykehus ne, wato syke, marasa lafiya, da hus, gida. Uwar kalmar tana ƙarshe, saɓanin tamu da ke zuwa a gaba. Ƙarfin murya kuma galibi a kan kashin farko yake sauka.

Saboda haka kafin mu buɗe baki, sai mu nemi mahaɗa. Izinin aiki, wanda shi ne tuwon baƙo, sunansa arbeidstillatelse. Arbeid aiki ne, tillatelse izini, harafin s na tsakiya kuwa zaren ɗinki ne da ke bin kalmar farko: arbeids-tillatelse. Harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa muke cewa burodi da fursuna. Amma in muka cusa wasali a nan, sai ma'aikacin ofis ya kasa gane mu.

Raba abin da ba a rabawa ma yana da haɗari. Røykfritt na nufin an hana shan taba a wurin. In an rubuta røyk fritt, an ce ka sha son ranka ke nan.

Ga inda muke da sa'a. A bakin mutanen Oslo, bønder, manoma, da bønner, wake, furucinsu ɗaya ne, hawa da saukar murya kaɗai ke raba su. Baturen Ingila kan sha wuya a nan. Mu kuwa tun muna goye muke bambanta kukan yaro da miyar kuka ta wannan hanya.

Ashe Hausar da wasu yaranmu ke jin kunyar yi a gaban jama'a guzuri ce. Mu riƙa yi musu ita a gida, domin da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu dace, amin.